Rajistar Binne Matattu a Cocin Mishan na Garwa da Arewacin Kamaru

Daga cikin takardun da zamanin mulkin mallaka ya bari a arewacin Kamaru akwai wani nau'i da masu binciken tarihi ba su cika waiwayarsa ba, wato littafin da limamin coci yake rubuta sunan duk wanda aka binne daga cikin mabiyansa. A tsarin Cocin Katolika ana raba ƙasa zuwa manyan gundumomi da ake kira dayosis, kowace a ƙarƙashin bishop, sannan a raba kowace dayosis zuwa ƙananan yankuna da ake kira farish, kowane da babban cocinsa da fadan da ke kula da shi, kuma wajibi ne wannan fada ya riƙe littattafan rajista na baftisma da aure da mutuwa. Wannan lacca ta shafi na ƙarshen ne, kuma abin da take son tabbatarwa shi ne cewa darajar littafin tana cikin irin mutanen da ya ambata da sunansu, waɗanda galibi babu wata takarda a duniya da ta san da zamansu, amma wanda ya ɗauke shi a matsayin hoton jama'ar yankin baki ɗaya zai yi kuskure babba.

Al'adar rubuta matattu a littafin coci ta girmi zuwan Turawa bakin Binuwai da ƙarnuka. A Ingila an umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa tun 1538, a Faransa kuma dokar sarki ta 1539 ta aza harsashin irin wannan aiki, wanda ya zauna a hannun limaman coci har 1792, lokacin da juyin juya hali ya mayar da shi hannun hukumomin gari. Babban taron Cocin Katolika da aka yi a Tirento ya wajabta littafin baftisma da na aure a 1563, sannan littafin tsarin ibada da Paparoma Bulus na Biyar ya fitar a 1614 ya ƙara da na matattu. Amma dokar da ta fi shafar arewacin Kamaru ita ce kundin dokokin coci na 1917, domin a ƙarƙashinsa 'yan mishan ɗin Katolika suka fara aiki a yankin. Kundin ya ce idan an kammala binnewa sai wanda ya jagoranci jana'izar ya rubuta sunan mamaci da shekarunsa, da sunan iyayensa ko na abokin aurensa, da lokacin da ya rasu, da ibadun ƙarshe da aka yi masa da wanda ya yi su, da kuma wuri da ranar da aka binne shi. Ya kuma umarci kowane fada ya aika da kwafin littattafansa zuwa ofishin bishop a ƙarshen kowace shekara.

Idan aka ce farkon zamanin mulkin mallaka, dole a bambanta kudu da arewa, domin tazarar da ke tsakaninsu a wannan fanni ta haura shekara hamsin. A bakin teku Alfred Saker na mishan ɗin Baftis ya zauna a Duwala tun 1845, mishan ɗin Basel ya zo a 1886, kuma limaman Katolika na ƙungiyar Palotin sun iso a 1890, shekara shida bayan Jamus ta kafa ikonta. A arewa kuwa ƙasar tana cikin daular Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma Jamusawa ba su kama Ngaundare da Garwa ba sai a 1901, shekarar da Ingilishi suka ci Yola, suka kori Lamiɗo Zubairu, wanda Jamusawa suka fatattaka a kusa da Garwa, sannan Hans Dominik ya sake fatattakarsa a Marwa a farkon 1902. Da yake Jamusawan da ke arewa ba su da yawa, sai suka jingina mulkinsu ga sarakunan Fulani, suka kuma hana 'yan mishan shiga ƙasashen Musulmi don kada a tsokano fitinar da ba su da ƙarfin kashewa. Gaskiya ne a 1914 Roma ta ƙirƙiro wani yankin mishan mai suna Adamawa ta damƙa shi ga limaman Zuciya Mai Tsarki na Jamus, sai dai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a shekarar, kuma aikin da aka ci gaba da yi daga baya a yammacin ƙasar ya tsaya, har aka sauya wa yankin suna zuwa Fumban a 1923.

Yaƙin da kansa ya nuna yadda rubuta matattu yake bin daraja da launin fata. An gwabza a Garwa a watan Agustan 1914, inda Jamusawa suka kori rundunar Ingilishi da ta fito daga Yola, aka sake kewaye garin har ya miƙa wuya a watan Yunin 1915, kuma sansanin dutsen Mora bai sallama ba sai a Fabrairun 1916. Hafsoshin Turawan da suka mutu a waɗannan wurare an san sunayensu da muƙamansu da ranar mutuwarsu, alhali mafi yawan waɗanda suka ɗauki bindiga da waɗanda suka ɗauki kaya a ka 'yan Afirka ne, cikinsu har da Hausawa a ɓangarorin biyu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Komanwel ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu daga gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da sunansu ba kamar yadda aka yi wa Turawa. A irin wannan yanayi ne ya kamata a auna littafin da ya rubuta sunan jaririn manomi da irin tawadar da ya rubuta na Bature.

Faransawa, waɗanda suka karɓi mafi girman ƙasar a ƙarƙashin amanar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, sun sassauta hanin shigar 'yan mishan a hankali. A farkon shekarun 1920 Berge Revne na mishan ɗin 'Yan'uwa Lutaran ya fara aiki a yankin Lere ta Cadi da Yagwa a bakin kogin Logon, a 1923 Adolphus Gunderson na mishan ɗin Sudan daga Amurka ya sauka a Mbula cikin Gbaya, a 1925 kuma 'yan mishan ɗin Norwe suka kafa tasha a Ngaundare, sannan 'yan Adventis suka zauna a Dogba kusa da Marwa a farkon shekarun 1930. Katolika su ne suka zo a makare, domin sai a 1946 ayarin limaman ƙungiyar Oblat ya iso a ƙarƙashin Yves Plumey, aka kafa yankin mishan na Garwa a 1947, ya zama dayosis a 1955, ya kuma zama babbar dayosis a 1982. Saboda haka tsofaffin littattafan binnewa na arewa ba su wuce shekarun 1920 zuwa 1950 ba, kuma na Katolika a Garwa shekara goma sha 'yan kaɗan kawai suka yi a ƙarƙashin mulkin mallaka kafin 'yancin kai na 1 ga Janairun 1960. Gajeren lokaci ne, amma a cikinsa ne aka shigo da noman auduga na kamfani, aka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, aka kuma fara matsa wa mazauna duwatsu su sauko fili.

Wanda ya buɗe irin wannan littafi zai ga layuka ne a jere, kowane da lambarsa, da Latin ko da Faransanci, a rubutun hannun mutane dabam-dabam gwargwadon yadda ake sauya limamai. Kowane gurbi a layin yana da tasa matsala. Gurbin suna yakan ɗauki sunan baftisma na wani waliyyin Turai, wani lokaci da sunan yanka a gefensa kamar yadda kunnen Bafaranshe ya ji shi, ta yadda mutum ɗaya zai iya fitowa da rubutu iri biyu ko uku tsakanin littafin baftisma da na aure da na mutuwa. Gurbin shekaru ƙiyasi ne in ban da na yaran da aka haifa a idon mishan, shi ya sa shekarun manya suke taruwa a kan talatin da arba'in da sittin, abin da masana ƙidayar jama'a suka sani a duk inda ba a riƙe ranar haihuwa. Gurbin ranar mutuwa da ta binnewa yakan nuna kwana ɗaya ko ƙasa da haka saboda zafin ƙasar, amma ranar da aka rubuta layin tana iya yin nisa da su ƙwarai, domin farish ɗaya a wancan lokaci yana iya haɗa ƙauyuka masu tazarar tafiyar kwanaki, kuma wanda ke tsaye a kan kabarin yawanci ba fada ba ne, katikis ne, wato malamin ƙauye ɗan ƙasa da aka horar ya koyar da addini ya kuma jagoranci addu'a. Shi ne zai riƙe labarin a ransa ko a guntuwar takarda har damina ta ɗauke, ruwan kogi ya janye, hanya ta buɗe, sannan fada ya zo rangadi ya kwafe. Duk abin da ya ɓace a tsakani ya ɓace ke nan, kuma waɗanda suka fi saurin ɓacewa su ne jariran da suka rasu kafin a kai su ga ruwan baftisma.

Gurbin ibadun ƙarshe shi ne ya fi buƙatar natsuwa. A nan ne ake nuna ko an shafa wa mai jinya mai, ko ya yi iƙirarin zunubi, ko kuma an yi masa baftisma ne a bakin mutuwa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a arewacin Kamaru saboda dalilai biyu. Na farko, ɗakin shan magani na mishan yana karɓar marasa lafiya daga kowane gida, kuma dokar coci ta halatta a yi wa jaririn da ke gab da mutuwa baftisma, don haka yaro zai iya shiga littafin alhali iyayensa ba su taɓa zama a coci ba. Na biyu, magidanci mai mata fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma sai ya rabu da sauran ya riƙe ɗaya, kuma da yawa sukan yi shekaru suna zuwa coci suna jiran lokacin da wannan sharaɗi ba zai ƙara zama nauyi ba. Layin da ya nuna baftisma da mutuwa a rana ɗaya yana iya ɓoye zaman shekara ashirin a bakin ƙofar coci, yana kuma iya zama haɗuwar sa'a guda tsakanin baƙo da ma'aikaciyar jinya, kuma littafin shi kaɗai ba zai raba su ba sai an haɗa da rajistar masu koyon addini da littafin labarin yau da kullum da tashoshin mishan suke riƙewa.

A cikin garin Garwa kanta Kiristocin farko galibi baƙi ne, akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sojoji daga kudancin Kamaru, da 'yan ci-rani daga kudancin Cadi, waɗanda aikin gwamnati da tashar jiragen ruwa ta Binuwai suka jawo, tashar da a wancan lokaci take aiki a 'yan watannin da ruwa ke cika. A wajen gari kuwa mishan ya fuskanci al'ummomin da ba su musulunta ba, kamar Fali da Gidar da Dowayo da Mundang da Tupuri da Masa da Mafa, shi ya sa tashoshi irin su Lam da Finyole suka zauna nesa da fadar lamiɗo. A Ngaundare al'amarin ya ɗauki wani salo, domin bauta ba ta ƙare a gidajen manya ba har shekarun 1950, kuma tashar 'yan Norwe ta zama mafakar bayin da suka gudu, abin da ya haɗa Halfdan Endresen rigima da fadar lamiɗo da kuma jami'an Faransa. Tarihin da Eldridge Mohammadou ya tattara daga bakin dattawa, har da littafinsa na 1980 a kan Garwa, taska ce da ba ta da na biyu, amma bisa ɗabi'arsa tarihin gidajen sarauta ne da yaƙe-yaƙe da jerin waɗanda suka hau gado. Baiwar da ta tsere daga gidan ubangijinta ta mutu a harabar mishan ba ta da maroƙi kuma ba ta da zuriyar da za ta riƙe asalinta, saboda haka idan sunanta ya wanzu a wani wuri, a irin wannan layi ne.

Waɗanda littafin ya bari a waje su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Musulmin yankin, Fulani da Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa da Mandara, suna yi wa mamaci wanka, su sa shi a likkafani, su sallace shi, su kai shi makwanci cikin 'yan sa'o'i, kuma ba a saba rubuta suna a kan kabari ba, balle a ajiye littafi a maƙabarta. Wannan ba ya nufin ba su bar rubutu ba, sai dai rubutun nasu yana wani wuri, a shari'ar rabon gado gaban alƙali, inda ake lissafa magada da dukiya da bashi, da cikin marsiyya, wato waƙar makoki da malamai ke yi wa malamansu da Larabci ko Fulatanci ko Hausa, da kuma a gefen shafukan littattafai inda almajiri ke rubuta shekarar da shehinsa ya rasu. Waɗannan ma suna da nasu son kai, domin sun fi sanin mai dukiya da mai ilmi. Masu addinin gargajiya kuwa suna da tsarin da ya fi ɗaukar lokaci da hidima. Fali na duwatsun da ke arewa da Garwa suna naɗe gawa da sawayen auduga su binne ta a zaune, a wajen Mafa da Kafsiki kuma maƙera ne ke ɗaukar gawa su binne ta, aikin da suke gada kaka da kakanni. Idan sabon Kirista ya mutu a ƙauyensu, dangi suna ganin gawar tasu ce, katikis yana ganin ta coci ce, kuma inda dangi suka yi rinjaye mai yiwuwa ne layin ya zo babu bayanin jana'iza ko kada ya zo sam. Dokar coci ta 1917 ita ma ta hana jana'izarta ga wasu, kamar wanda ya fita daga addinin a fili ko ya kashe kansa da gangan. Ƙaura kuma tana raba mutum da littafin wurin da ya rayu, kamar yadda ya faru ga Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, limamin da ya taso daga kudu a 1959 ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, amma ya rasu a Edeya a 1975.

Duk da wannan giɓi, akwai abin da za a iya ƙirgawa. Masanin Faransa Louis Henry ya ƙirƙiro hanyar sake gina iyali, wato a bi mutum daga layin baftismarsa zuwa na aurensa da na 'ya'yansa har zuwa na mutuwarsa, kuma binciken ƙauyen Kurle na Normandi da ya fito a 1958 shi ne ya zama abin koyi. An gwada hanyar a Afirka, musamman a ƙasar Ovambo ta arewacin Namibiya, inda Veijo Notkola da Harri Siiskonen suka yi amfani da littattafan cocin Lutaran na 1925 zuwa 1990 suka fitar da yanayin haihuwa da mutuwa. Sai dai a Ovambo yawancin jama'a sun shiga coci, a arewacin Kamaru kuwa Kiristocin farko 'yan tsiraru ne, matasa, baƙi, mazauna kusa da magani. Idan adadin binnewa ya ninka cikin shekara biyar, ba lallai mutuwa ce ta ƙaru ba, wataƙila cocin ne ya girma, domin ba a san yawan rayayyun da aka ɗebo matattun daga cikinsu ba, kuma auna mutuwar lardi da wannan littafi kamar auna hatsin kasuwa ne da mudun gida ɗaya. Abin da ya fi aminci shi ne a duba watannin mutuwa da rukunin shekaru. Arewacin Kamaru yana cikin zirin sanƙarau da likita Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, cutar da ke tashi a rani ta lafa da saukar ruwa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana tsananta a ƙarshen damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, ƙyanda tana ɗibar yara a jere, kwalara kuma ta shigo ƙasar a 1971. Layuka goma na ƙananan yara a cikin mako biyu na watan Maris shaida ce da za a iya ɗorawa a kan rahoton likitan gwamnati na shekarar a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Haka nan za a iya gwada sakamakon da aikin André Podlewski, wanda ya ƙididdige al'ummomin arewa a shekarun 1960, har ya jarraba bibiyar haihuwa da mutuwa gida-gida a Adamawa, saboda rajistar hukuma ba ta kama komai a karkara ba. Ko bayan dokar rajistar jama'a ta 1981, takardar shaidar mutuwa ba ta zama ruwan dare a ƙauyuka ba, domin ba a nemanta sai gado ko fansho ya kai mutum ofis.

Littattafan kansu suna cikin haɗari. Takarda ce mai araha ta shekarun 1940 da 1950, gara tana cinta, ɗanshin damina yana manne shafukanta, zafin bazara yana sa ta karye, kuma ba kowane farish ne yake da akwatin ƙarfe ba. Umarnin aika kwafi zuwa ofishin bishop yana ba da fatan a sami na biyu a Garwa ko Marwa ko Yagwa ko Ngaundare, kuma wasiƙu da rahotannin 'yan Norwe suna ajiye a Stavanger, amma rikicin Boko Haram ya ƙara wata barazana a lardin Arewa Mai Nisa, inda aka sace wani fada Bafaranshe a Ngecewe a Nuwamban 2013, aka sace limamai biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere a Afrilun 2014, ƙauyukan kan iyaka da dama kuma suka watse. Ɗaukar hoton kowane shafi da kyamara aiki ne da ɗaliban tarihi na jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa za su iya yi da kuɗi kaɗan, a bar asali a cocinsa, a ajiye kwafi a dayosis da jami'a. Amma littattafan mallakar coci ne, ba a taɓa su sai da izinin bishop ko shugabannin majami'a, kuma jikokin waɗanda ke ciki suna raye, wasunsu Musulmi ne yau, wasu kuma ba su san cewa kakarsu baiwa ce ba ko an yi wa kakansu baftisma a gadon asibiti. Saboda haka yarjejeniyar da za a rubuta kafin a ɗauki hoton shafin farko ya kamata ta raba abu biyu: alƙaluman watanni da shekaru, waɗanda za a iya bugawa ga kowa, da sunaye da bayanan gefen shafi, waɗanda ba za a buɗe su ba sai ga dangin mamaci ko mai binciken da ya sa hannu cewa ba zai bayyana su ba.